Boila da ɗumama gida a Ingila: tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi idan sanyi ya shigo

Duk shekara da an shiga Oktoba tambayoyin nan ne dai suke ta dawowa daga 'yan uwanmu mazauna Ingila da Sukotland da Wales, ɗalibai, ma'aikatan asibiti, masu aikin kula da tsofaffi, musamman wanda wannan ne sanyinsa na farko a ƙasar. Shi yasa na tara su waje ɗaya. Maganar boilar gas ta gidan haya ko gidan kanka ake yi, ban da masu zama a masaukin ɗalibai inda ake ɗumama ginin gaba ɗaya daga waje guda, ku naku sai dai ku kai ƙara ofis.

Wai ita boilar nan ya take aiki ne, kuma ya zan gane wace iri ce a gidana?

Farin akwatin nan da ke manne a bangon kicin ko cikin wani kabad, gas yake ƙonawa ya dafa ruwa, wani ƙaramin famfo da ke ciki ya tura ruwan cikin bututu ya zaga radiyetocin ɗakuna, wato faffaɗan ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bango, ya dawo a sake dafa shi. Ruwa ɗaya ne yake ta zagaye shekara da shekaru, ba shi ne wanda kake wanka da shi ba, ka riƙe wannan don rabin amsoshin da ke ƙasa a kansa suka tsaya.

Iri uku ne. Akwai kombi, ita ce a mafi yawan fulat da ƙananan gidaje, ba ta da tanki ko ɗaya, sai ka buɗe famfo take dafa ruwan nan take. Akwai wadda take da babban sulinda na ajiye ruwan zafi a cikin kabad, yawanci kusa da banɗaki. Sai ta tsohon yayi, wadda bayan sulindan kuma akwai tankuna a saman silin, ita wannan galibi ba zaka ga ma'aunin firesha, wato matsin ruwa, a jikinta ba don daga tankin sama take shan ruwa. In ka zaga gidan baka ga sulinda ba to kombi ce.

Na tashi da asuba ba ruwan zafi na alwala, gidan kuma kamar firij. Me zan fara dubawa kafin na kira wani?

Fara da fuskar boilar, akwai wuta a jikinta? In a mace take gaba ɗaya duba makunnin da ke bango kusa da ita, yara na kashe shi, sannan ka duba akwatin fiyus ko wani ya faɗo. In akwai wuta, je ka kunna murhun gas na kicin, idan shi ma bai kama ba to ba laifin boila bane, gas ne babu, sai ka wuce tambayar mita da ke biye. In murhu ya kama, kalli ma'aunin firesha, allurar ta faɗi ƙasa da 1? Akwai wata lamba ko harafi da ke ƙiftawa a fuskar? Duka biyun akwai bayaninsu a ƙasa.

Sai tamostat, wato na'urar saita zafin ɗaki, kuma wallahi wannan shi ne abin da ya fi ba mutane kunya bayan injiniya ya zo. Da yawansu marasa waya ne, batir biyu ne a ciki irin na rimot, in ya mutu boila ba ta jin kira. Canza batir, ɗaga lambar ta wuce zafin da ɗakin yake a yanzu, ka jira minti biyu zuwa uku. Taima, wato agogon da ke kunna ɗumi da kashe shi, ma haka, in an ɗauke wuta ko an canza agogo ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, tsofaffin taima ba sa gyara kansu, sai ka ga ɗumi na zuwa a lokacin da ba shi ka saka ba.

Mitata ta kati ce, na saka kuɗi amma har yanzu gas bai dawo ba

Mitar kati in kuɗi ya ƙare rufe gas take yi, kuma ko ka sayo a shagon PayPoint ko Payzone ko ta manhajar waya, ba ta buɗewa da kanta. Sai ka je gabanta, ka tabbatar duk murhu a kashe yake, ka danna maɓallin da ta ce ka danna ka riƙe har ta nuna ta buɗe. Bayan nan ka yi wa boila riset, wato ka danna maɓallin sake tayar da ita, don ta riga ta kulle kanta lokacin da ta nemi gas ta rasa.

Abin da ke cin mutane kuma shi ne kuɗin tsayuwa na kullum da ake cirewa ko ka yi amfani da gas ko baka yi ba. Mutum ya bar mita ba kuɗi tun bazara, Oktoba ya zo ya saka fam 10 ya ga bashi ya cinye, ya ce an cuce shi. Ba cuta bace, kuɗin watannin nan ne ya taru. Akwai kuɗin gaggawa da mitar ke rantawa in dare ya yi maka, shi ma za a cire a sayayya ta gaba.

Firesha nawa ya kamata ta nuna, kuma zan iya ƙara ruwan da kaina?

In boila ta huce, tsakanin 1 da 1.5 ake so, wajen da aka shafa kore a ma'aunin. In tana aiki ta hau zuwa wajen 2 ba komai, ruwa ne ya kumbura da zafi. In ta sauka wajen 0.5 yawancinsu tsayawa suke don kare kansu.

Kuma eh, wannan aikinka ne, ba sai da injiniya ba. Kashe boilar ka bari ta huce. Leƙa ƙarƙashinta zaka ga wani gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe kalar azurfa da ƙananan bawul biyu, ɗaya a kowane kai. Buɗe na farko gaba ɗaya, na biyu kuma a hankali, zaka ji ƙarar shigar ruwa, idonka na kan allura, da ta kai 1.5 ka rufe duka biyun ka tabbatar sun rufu sosai. Wasu samfurin Worcester Bosch ba tiyo, wani farin makulli na roba ake cusawa ko wani ɗan hannu ake ja ƙasa, don haka duba sunan boilarka ka nemi littafinta a intanet, kyauta ne. In hannu ya zarce har ta wuce 2.5 kar hankalinka ya tashi, rage ruwan ta wajen fitar da iskar radiyeta kamar yanda na yi bayani nan gaba a tambayar radiyetar da samanta ke sanyi.

Duk sati sai na ƙara ruwa, firesha ta sake faɗuwa. Lafiya kuwa?

Ba lafiya ba. Ƙara ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara daidai ne, amma duk sati akwai inda ruwan ke tafiya. Bi radiyetoci ɗaya bayan ɗaya da tishu ka shafa gindin bawul ɗinsu, duba kafet ko ya jiƙa, duba silin ɗin ƙasa ko akwai tabo, duba ƙarƙashin boilar kanta. Ɗigon da bai kai ya jiƙa ƙasa ba ma ya isa ya sauke allura, don yana bushewa a jikin bututu mai zafi, sai dai ka ga wani kore-kore ko tsatsa a wajen.

In baka ga komai ba, yi wannan gwajin: kalli allura kafin ka kunna ɗumi, ka sake kallo bayan rabin awa. In ta tashi daga 1 ta haura har kusa da 3, matsalar wani tanki ne a cikin boilar mai iska a gefe ɗaya da ruwa a ɗaya gefen, aikinsa ya ba ruwa wuri in ya kumbura. In iskarsa ta sace, firesha sai ta hau, a 3 kuma bawul ɗin tsaro ya buɗe ya zubar da ruwa waje, in ta huce sai ka tarar da allura a ƙasa. Fita bayan gida ka nemi wani ɗan bututun jan ƙarfe da ya fito daga bango daidai saitin boilar, in yana ɗiga ka gano. Gyaran na injiniya ne don a cikin akwatin yake. Kuma kar ka ce ai zan ci gaba da ƙarawa tunda tana tashi, duk sabon ruwan da ka zuba yana shigo da iska yana tsinka maganin hana tsatsa da ke ciki, a hankali kake kashe radiyetocin.

Tana nuna min F22, ta maƙwabciyata kuma EA. Me suke nufi?

Kowane kamfani da nasa lambobin, Hajiya, sai kin haɗa da sunan boilar. Na ƙarancin ruwa: F22 a Vaillant, F1 a Ideal, E119 a Baxi, duk maganinsu ƙarin ruwan da ke sama. Na rashin kamawar wuta: F28 a Vaillant, EA a Worcester Bosch, L2 a Ideal, E133 a Baxi. Waɗannan ki fara duba gas da mita, in kuma daren an yi ƙanƙara ki karanta tambayar da ke biye. F75 a Vaillant yawanci famfon ciki ne ko na'urar auna firesha, ba naki bane.

Riset ki yi sau ɗaya, in ta ƙi ki jira 'yan mintuna ki ƙara ɗaya, shikenan. Masu tsayawa suna ta dannawa sau goma, ku daina, kulle kanta da ta yi akwai dalili. Ki ɗauki hoton lambar kafin ki danna, shi injiniya zai fara tambaya.

Jiya lafiya lau, yau da aka yi ƙanƙara ta tsaya tana wani ƙugi kamar ruwa ya shaƙe ta

Wannan kusan kullum bututun kondenset ne ya daskare. Tun Afrilun 2005 doka a Ingila da Wales ta ce sabuwar boilar gas da za a saka sai irin wadda ke tatsar zafi daga hayaƙinta, to wajen tatsar nan ruwa na fita, ana zubar da shi ta wani bututun roba fari ko toka wanda a gidaje da yawa ta waje aka bi da shi zuwa magudana. In ya daskare ruwan ya koma baya, boila ta tsaya. A sanyin ƙarshen Fabrairun 2018 haka boiloli suka yi ta tsayawa a faɗin ƙasar, mutane na jiran injiniya kwana da kwanaki akan abin da buta ɗaya zata warware.

Cika buta da ruwan ɗumi, mai ɗumi fa ba tafasasshe ba don roba ce zata iya tsagewa, ka bi bututun kana zubawa, ka fi ba da ƙarfi a lanƙwasa da bakinsa na ƙasa inda ƙanƙarar ta fi taruwa. In ka ji ruwa ya zubo, koma ciki ka yi riset. Ka kula da ruwan da ka zubar a ƙasa, nan da nan yake zama santsi. In bututun yana bene ne sai da tsani, bar shi, karaya ta fi sanyi ciwo. Bayan nan ka gaya wa mai gida a naɗe shi da soson rufe bututu in ba haka ba duk daren ƙanƙara sai ka fita da buta.

Radiyeta ƙasanta da zafi samanta sanyi

Iska ce ta taru a sama. Makullin fitar da iska ɗan ƙarami ne, ana samunsa a shagon B&Q ko Screwfix da kuɗi kaɗan, wasu radiyetocin ma sukudireba mai faɗi ya isa. Kashe ɗumi ka bari ta huce, riƙe tsumma a ƙarƙashin ɗan bawul ɗin da ke kusurwar sama, murɗa kamar rabin zagaye, zaka ji tsss, da ruwa ya fara fitowa ka rufe. Kar ka kwance shi gaba ɗaya, in ya faɗo baƙin ruwa ne zai wanke maka bango. Kana gamawa ka koma ka duba firesha don dole ta ɗan sauka.

Tawa kuma akasin haka ce, sama zafi ƙasa sanyi. Akwai ɗaya ma da ba ta ɗauka kwata-kwata

Sanyin ƙasa, musamman ta tsakiya, ba iska bace, laka ce. Tsatsar cikin radiyetoci ce ke zama baƙin taɓo ta kwanta a ƙasa ta toshe hanya, fitar da iska ba zai yi komai ba. Sai an wanke, ko a cire radiyetar a wanke ta a waje, ko a wanke layin gaba ɗaya da inji, sannan a zuba maganin hana tsatsa irin su Fernox ko Sentinel a saka matatar maganaɗisu kusa da boila. Wankin inji kuɗi ne mai kauri, in haya kake ba kai zaka biya ba. In gidanka ne kuma, radiyeta ɗaya ce kawai ke da matsala aka ce maka sai an wanke duka, nemi ra'ayin wani injiniyan.

Wadda ba ta ɗauka sam, fara da kan nan mai lambobi 1 zuwa 5 da ke gefenta. Kwance zoben da ke riƙe shi da hannu ka cire kan, ba ruwan da zai fito, zaka ga wani ɗan tsinken ƙarfe. Ya kamata in ka danna shi ya shiga ya dawo da kansa. In an bar shi a rufe tun bazara yakan maƙale a ƙasa, sai ka ɗan daddanna shi da bayan cokali, ka ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin har ya saki, kar ka ja shi da filaya. In kuma matsalar ita ce na kusa da boila suna ƙuna na nesa ko na ƙasan bene suna ɗumi-ɗumi, rabon ruwa ne bai daidaita ba, ana ɗan rage ɗaya bawul ɗin mai hular roba a waɗanda suka fi zafi don ruwa ya isa na nesa. Kwata-kwatan zagaye ake yi ana jira, aikin haƙuri ne, kuma ka rubuta yanda ka same su.

Ruwan zafi na zuwa amma radiyeta shiru. Wani lokacin kuma shawa zafi, sanyi, zafi

Kafin komai duba ko an juya boilar zuwa ruwan famfo kaɗai, akwai alamar famfo da alamar radiyeta a gabanta, masu gida na barinta haka tun bazara. Sai batirin tamostat da muka faɗa. In duk lafiya, a kombi akwai bawul mai raba hanya, shi ke juya zafi zuwa famfo in ka buɗe, ya mayar wa radiyeta in ka rufe, in ya maƙale sai ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Babbar alamarsa, ruwan wanka ba ya zafi sai in ɗumin gida na kunne, ko ka buɗe famfo a bazara ka ji radiyeta na ɗumi.

Shawa mai canza ra'ayi kuma, in wani ya buɗe famfo a kicin kana wanka to halin kombi ne, ba ta iya ciyar da biyu sosai. In ba kowa kuma tana yi, galibi farantin da ke dafa ruwan famfo ne ya toshe da laka ko farin gishirin ruwa, abin da ya fi yawa a Landan da kudu maso gabas inda ruwan ke da alli, mutanen Manchesta da Glasgow ba su cika ganinsa ba. Duka biyun na injiniya ne. Masu sulinda, ku duba akwai makunni a kusa da shi na hitar lantarki da ke ciki, zai ba ku ruwan wanka kafin a zo gyara, amma ku kashe bayan nan don yana shan wuta.

Tana ƙara, tana tashi da kanta cikin dare, ga farin hayaƙi ta waje

Farin hayaƙin tururi ne, a sanyi dole a gan shi. Tashi na 'yan daƙiƙu ba wanda ya kira ta, ko dai tana ɗumama ɗan ruwan ciki don famfo ya yi saurin zafi, wanda ana iya kashewa a saitin da suke kira eko, ko kuma tana kare kanta daga daskarewa in tana gareji. Ƙas-ƙas na bututu in ɗumi ya fara ko ya ƙare, ƙarfe ne ke miƙewa. Ƙarar kwararar ruwa, iska ce ko ƙarancin firesha. Wadda za a kira injiniya a kai ita ce in boilar kanta na ruri da feɗuwa irin na ruwan da ke tafasa, ko ta yi wani bum lokacin kamawa.

Ina jin warin gas

Nan ba maganar gwaji. Kar ka kunna ko ka kashe wani makunnin lantarki, kar a ƙyasta ashana, kashe turare. Buɗe ƙofofi da tagogi, je wajen mita ka juya hannun bawul ɗin ya gitta bututun, in yana tsaye daidai da bututu a buɗe yake. In mitar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take kar ka shiga. Fitar da kowa, daga waje ka kira 0800 111 999, kyauta ne dare da rana a Ingila da Sukotland da Wales. Ba sai ka nemi izinin mai gida ba, kuma ba wanda zai ce ka biya don sun zo ba su samu komai ba. Su rufewa suke su tabbatar ba haɗari, gyaran boila ba nasu bane.

Boila ta lalace, zan iya kunna gawayi a kasko ko na bar murhun gas a kunne mu ji ɗumi kafin a gyara?

A'a, don girman Allah a'a. Jin ɗumin gawayi da muka saba lokacin hunturu a gida, a tsakar gida ne ko ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina, kuma ko a can ɗin ana rasa rayuka. Gidajen nan an toshe su ruf da tagogi masu gilashi biyu. Gawayi na fitar da gubar kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da kala, mutum barci kawai zai ji ya ɗauke shi. Masu turaren wuta ma, gawayi ɗaya na 'yan mintuna da taga a buɗe daban, barin kasko a ɗaki a rufe ƙofa a kwanta daban, kuma abin ƙona turare na lantarki ya fi. A nemi hitar lantarki mai mai a ciki, a taru a ɗaki ɗaya, a jona ta kai tsaye a bango ba a jikin doguwar waya ba, kar a shanya kaya a kanta.

Boila mai matsala ita ma tana fitar da gubar nan. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, numfashi sama-sama, mu kuma da mun ji haka sai mu ce maleriya ce ta tashi a nemo Panadol. In duk gidan kuna ji tare, in an fita ya lafa in an dawo ya dawo, ku fita ku kira lambar gas ɗin nan ta sama, ku kira 111 layin neman shawarar lafiya, in wani ya suma ko numfashi na gagara ku kira layin gaggawa 999. Baƙin tabo a jikin boila ko harshen wuta ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, duk alamu ne. Tun 1 ga Oktoban 2022 dole ne mai gidan haya a Ingila ya saka ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take, daban take da ta hayaƙi, ka danna maɓallinta ka ji tana da rai.

Akwai wani ɗan uwa da ya iya gyare-gyare, zai duba min da araha. Akwai laifi?

Ya danganta da me zai taɓa. Ƙara ruwa, fitar da iska, narkar da bututu, canza batir, kowa na iya yi. Cire murfin boila ko taɓa bututun gas ko mafitar hayaƙi, wannan sai mai rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kuma laifi ne a doka mutum ya yi aikin gas a matsayin sana'a ba shi da ita. A boiloli da yawa murfin nan shi ne abin da ya raba hayaƙin da iskar da kuke shaƙa, in an mayar da shi a karkace ba zaka gani da ido ba. Na san halinmu, ana jin nauyin a tambayi mutum kati musamman in a masallaci aka haɗa ku, amma ni a ganina wanda ya ji haushi don ka nemi katinsa ya riga ya ba ka amsa. Katin na da hoto da lamba da ranar ƙarewa, bayansa kuma an jera irin aikin da aka yarda ya yi, ka tabbatar akwai boila a ciki, kana iya duba lambar a shafinsu.

Mai gida yana ta min yawo da hankali, kwanaki ba ɗumi ga yara

Gyaran boila da ruwan zafi nauyinsa ne, a Ingila sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora masa, Sukotland da Wales da nasu dokokin amma a nan magana ɗaya ce. Haka kuma dole duk shekara ya kawo injiniyan Gas Safe ya duba, ya ba ka kwafin takardar da ake kira CP12 cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuma kafin ya tare. Ga mai gida mai zaman kansa, doka cewa ta yi a gyara cikin lokacin da ya dace ba ta yanke awa ba, amma rashin ɗumi a tsakiyar sanyi da ƙananan yara gaggawa ne.

Bar kiran waya kaɗai, rubuta masa ko ejan ta imel ko saƙo, da kwanan wata da hoton lambar da boila ke nunawa, ka nemi hitar wucin gadi. In shiru, kai ƙara sashen lafiyar muhalli na kansul ɗinku, suna da ikon tilasta masa, ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice kuma suna ba da shawara kyauta. Abin da bazan ba ka shawara ba shi ne ka riƙe kuɗin haya don fushi, bashin haya hujja ce da zai iya fitar da kai da ita. In akwai mai ciki, yaro ƙasa da shekara 5, tsoho ko mara lafiya a gidan, kira kamfanin gas ɗinku su saka ku a rajistar masu fifiko, kyauta ce.

Bil ya yi yawa. Wai gara a bar ɗumi a kunne kullum a ƙasa-ƙasa?

A yawancin gidaje a'a, taima ta fi, ta kunna kafin asuba ta kashe in an fita. Tamostat tsakanin 18 da 21 ya isa, kuma kai shi 30 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, sai dai ya hana boila tsayawa. Kan radiyeta a 3 wajen digiri 20 ne, ɗakin da ba kowa a rage shi zuwa 1 ko 2 amma kar a rufe gaba ɗaya, bango mai sanyi ke kawo baƙin fumfuna. Mai kombi ya rage zafin ruwan radiyeta a gaban boila zuwa wajen 60, a nan ne take tatsar zafin hayaƙin da kyau, radiyeta ba zata ƙona hannu ba amma ɗaki zai ɗumu, in sanyi ya tsananta a ɗaga. Mai sulinda kar ya bi wannan kai tsaye, ruwan da ake ajiyewa sai ya kai 60 saboda ƙwayar cutar lejiyonela. Masu kashe gas su kunna hitar lantarki a kowane ɗaki don tsimi kuwa, ku duba bil ɗinku, farashin ma'auni ɗaya na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na gas.

Zan tafi gida hutun Disamba wata guda, na kashe ta gaba ɗaya?

Kar ki kashe daga bango. Ki bar mata wuta da gas, ki sauke tamostat zuwa wajen 12, ko saitin hutu in taki na da shi, ki bar kawunan radiyeta a buɗe da ƙofofin ɗakuna. Ruwa in ya daskare a bututu fasa shi yake, kuma ba a ganewa sai ƙanƙara ta narke ya fara zuba, in bene kike har gidan na ƙasa. Ki duba takardar hayarki, da yawa sun rubuta cewa sai an sanar da mai gida in za a bar gidan ba kowa na wasu makonni. Babban bawul ɗin ruwan gida yawanci yana ƙarƙashin sink ɗin kicin, in kombi ce ki rufe shi ba zai hana ɗumi aiki ba tunda ruwan radiyeta daban yake, in mai tanki a silin ce ki tambayi mai gida tukuna. Ki duba firesha ana gobe tafiya, ki saka sabon batir a tamostat, mai mitar kati ta zuba kuɗin da zai kai ta dawo har da na tsayuwar kullum, sannan ki bar wa wata amintacciya makulli ta riƙa leƙawa in an yi sanyi mai tsanani.